LAYI ƊAYA A TAKARDAR JIRGIN RUWA

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye sai dare.

Duk lokacin da rigimar baƙin haure ta taso a Amurka, akwai abin da mutanen can suke yi wa 'yan siyasarsu da yake ba ni sha'awa. Ɗan siyasa zai fito ya ce a rufe iyaka, a kori baƙi. Kafin gari ya waye wani ya shiga intanet ya zaƙulo takardar jirgin ruwan da ya kawo kakan mutumin, ya liƙa kowa ya gani: ga sunansa, ga shekarunsa, ga garin da ya baro. Shi kansa Donald Trump bai tsira ba. Kakansa Friedrich ya sauka a New York a watan Oktoba na 1885 yana ɗan shekara 16, a wani jirgi mai suna Eider da ya taso daga Bremen ta Jamus, kuma a takardar Trumpf aka rubuta sunan gidansu.

Siyasar Amurka tasu ce. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne: mu fa? Idan jikanka ya tashi nemanka bayan shekara ɗari, a wace takarda zai same ka?

Bari in fara da yadda su suka samu nasu. Daga 1892 zuwa 1954, mutum sama da miliyan 12 suka shiga Amurka ta wani ɗan tsibiri a bakin New York da ake kira Ellis Island. Doka ta ɗora wa kamfanin jirgi ya rubuta kowane fasinja tun a tashar da ya hau. Tambayoyin har sun kai 29: suna, shekaru, sana'a, wa ya biya maka kuɗin jirgi, nawa ne a hannunka, wurin wa za ka sauka. Har da tambayar ko kana da mace fiye da ɗaya, domin dokarsu ta hana mai mata da yawa shiga. Da kakanninmu ne a layin nan, ai da an sha kallo. Idan aka ƙi karɓar mutum saboda ciwo ko wani dalili, kamfanin ne zai mayar da shi da kuɗinsa, shi ya sa ba sa wasa da rubutun. A 2001 aka fara saka bayanan a intanet bayan masu aikin sa kai sun kwafe su ɗaya bayan ɗaya. Yau akwai kusan miliyan 65 a rumbun, kuma binciken kyauta ne. Shafin FamilySearch ma kyauta ne.

Ingila ma tana da nata. A ma'ajiyar tarihinsu da ke Kew, a Landan, akwai jerin sunayen fasinjojin da suka shiga ƙasar ta ruwa daga wajen Turai tun daga 1878 har 1960, da na waɗanda suka fita daga 1890 zuwa 1960. An ɗauki hotonsu shafi-shafi, ana ganinsu ta Ancestry da Findmypast, sai dai waɗannan biyun sai ka biya. A nan ne muka shigo cikin labarin. Jiragen kamfanin Elder Dempster, irin su Accra da Apapa da Aureol, su ne suke ɗaukar mutane daga Legas zuwa Liverpool, tafiyar kusan mako biyu, ana yada zango a Takoradi da Freetown da Las Palmas. Ɗalibai da ma'aikata masu zuwa kwas da yawa ta nan suka bi.

Kakana na wajen uwa yana cikinsu. Ba zan kawo sunansa a nan ba, saboda maganar ba tawa ce ni kaɗai ba. Bakanike ne a ma'aikatar En'e, aka tura shi kwas Ingila lokacin mahaifiyata tana goye. Bai dawo ba. Wasiƙu sun yi ta zuwa na 'yan shekaru, sannan suka ɗauke, daga baya wani ɗalibi da ya dawo ya kawo labarin rasuwarsa. Tun muna yara gidanmu ya rabu biyu a kan maganarsa. Wasu suna cewa da ma can da niyyar zama ya tafi, kwas ɗin hanya ce kawai ya samu. Wasu suna cewa ƙaddara ce ta riƙe shi. Mahaifiyata ba ta taɓa sa baki ba. Ta girma tana jin ana cewa ubanta ya gudu ya bar su, kuma duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san nauyin wannan maganar a kan 'ya mace.

Matsalar farko ga duk Bahaushen da zai yi irin wannan binciken ita ce suna. Kwamfuta suna ɗaya take nema, mu kuwa mutum ɗaya yana da uku ko huɗu. Akwai na yanka. Akwai laƙabin gida irin su Ɗanladi ko Tanko ko Ɗanjuma. Akwai wanda makarantar boko ta ba shi, wanda sau da yawa sunan garinsu ne aka liƙa masa a baya, haka muka samu su Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ga kuma alkunya. Kakata har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, "Malam" kawai za ka ji. Sannan akawun jirgi ba Bahaushe ba ne, yadda kunnensa ya ji haka zai rubuta. Garba ya koma Garuba ko Gariba, Muhammadu ya koma Momodu, Audu ya koma Awudu. Bayan shekaru wani mai kwafa a kwamfuta ya karanta tsohon rubutun, shi ma ya ƙara nasa.

Wadda ta buɗe mini ƙofa tsohuwa ce. Ƙanwar kakan nawa tana nan da ranta, ta haura tamanin, kowa Gwaggo yake ce mata saboda haka muka ji iyayenmu suna kiranta. Na zauna gabanta da waya a hannu ina ɗaukar murya.

Na ce, "Gwaggo, wace shekara ya tafi?"

Ta ce, "Kai mai gidan, ina ni ina shekarar Nasara? Ni dai na san damina ɗaya ce tsakanin tafiyarsa da zuwan Sarauniya. Kuma da kayansa na ƙaramar salla aka raka shi tasha, ko wanki ba a yi musu ba."

Kun ga an gama aikin ke nan. Sarauniya Elizabeth ta zo Najeriya a farkon 1956, aka yi mata hawan daba a Kaduna. Damina ɗaya baya ita ce ta 1955. Ƙaramar sallar wannan shekarar ta faɗo ne ƙarshe-ƙarshen watan Mayu, akwai manhajoji na kyauta da suke juya kwanan watan Musulunci zuwa na Bature. Ka ƙara kwanakin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko, da jiran jirgin ruwa, da mako biyun teku, sai ka ga abin da za ka duba bai wuce jiragen da suka isa Liverpool a Yuni da Yuli ba. Ita ce kuma ta tuna mini sunan garin da aka liƙa masa a makarantar Midil. Da waɗannan biyun na bi shafukan, layi-layi, ina ƙara girman hoton har ido ya fara yi mini yaji.

A dare na uku na same shi. Layi ɗaya ne tsakanin wani Bature da wani ɗalibi daga kudu. Sunansa na yanka an cire masa harafi ɗaya, sunan garin, shekarunsa, sana'arsa, adireshin da zai sauka. Can gefen dama akwai gurbin da ake tambayar fasinja ƙasar da yake nufin zama nan gaba, kuma a ƙa'idar takardar, zama yana nufin shekara ɗaya ko fiye. A layinsa ba Ingila aka sa ba. Abin da aka cika masa yana nuna gida zai koma.

Na buga shafin a takarda na kai wa mahaifiyata. Ba ta yi boko ba, sai na ɗora yatsanta a kan layin na karanta mata. Ta jima ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ashe da niyyar dawowa ya tafi." Ta ninke takardar ta sa a gafakarta.

Kada wani ya ce na ce takarda ta wanke shi. Akawu abin da aka gaya masa ya rubuta, kuma ɗan kwas dole haka zai faɗa. Abin da ke zuciyar bawa sai Allah. Amma kusan shekara saba'in gidanmu yana jayayya da "an ce" da "wai", yau ga abu ɗaya da aka rubuta a lokacin, yana raye, daga bakinsa. Ga wadda ba ta san fuskar ubanta ba, wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To ga inda abin yake ci mini rai. A wajen uba ma muna da matafiyi, kakan mahaifina, wanda ya yi gabas da ƙafa da niyyar hajji, kamar dubban mutanen ƙasar Hausa na zamaninsa. Ana bi ta Barno, a shiga Wadai, a ratsa Darfur, a kai bakin Nilu, wanda Allah ya nufa ya isa Sawakin ya tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce, ana tsayawa a yi noma ko ƙwadago a tara guzuri. Da yawa ba su wuce Sudan ba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, gumin mutanenmu ya zuba a can ba kaɗan ba. Amma shi wannan kakan, babu akwatin bincike a intanet da zai fito maka da sunansa. Wanda ya tafi da ƙafa bai yanki tikiti ba, kuma wanda bai yanki tikiti ba babu akawun da ya tambaye shi sunansa. Haka fataken goro da suka yi Gwanja, suka zauna a Salaga da Kumasi, waɗanda jikokinsu suke zango-zangon Ghana a yau.

Ashe takardun nan ba kowane matafiyi suke riƙe da shi ba. Suna riƙe da wanda gwamnati ko kamfani yake da dalilin rubutawa. Talakan Italiya da ya shiga Amurka da 'yan daloli a aljihu ya fi madugu mai jaki ɗari samun layi a takarda.

Idan kana son ganin wannan ƙuru-ƙuru, ka shiga rumbun SlaveVoyages, shi ma kyauta ne. An tattara bayanan tafiye-tafiyen jiragen bayi sama da 36,000, kuma an ƙiyasta mutum miliyan 12.5 aka loda daga Afirka. Sunan jirgi yana nan, sunan kyaftin yana nan, sunan mai jirgi yana nan. Mutanen da ke ciki kuwa lissafi ne: maza kaza, mata kaza, kaza sun mutu a hanya. Akwai Hausawa a cikinsu, musamman a shekarun yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804. An kai da yawa Bahia ta Brazil, inda suka shirya bore a 1807, suka sake tayarwa a 1809 da 1814, kuma suna cikin Musulmin da suka tayar da babban boren birnin Salvador a cikin azumin 1835. Sunayen da suka tsira su ne na waɗanda jiragen yaƙin Ingila suka tare a teku bayan ta haramta cinikin a 1807, aka kai su wurare irin su Freetown da Havana aka yi musu rajista. Sun haura 90,000, an rubuta suna da shekaru da tsawo, har da tsagen fuska. Ka bi su a hankali, za ka ci karo da sunayen Musulmi da kunnenka zai gane ko da Bature ya karya su.

Na san wani zai ce, to Malam, duk wannan na mene ne? Wanda ya mutu ai ya mutu.

Ka tambayi mutanen Windrush. A watan Yuni na 1948 jirgin Empire Windrush ya isa Tilbury ɗauke da mutanen yankin Karebiyan da suka zo aiki Ingila. Su da waɗanda suka biyo bayansu sun shiga ne bisa doka, yara da yawa a kan fasfon iyayensu. A 2010 ma'aikatar cikin gidan ƙasar ta lalata katunan saukarsu. Da aka tsaurara dokar baƙi aka ce kowa ya kawo shaida, sai ga mutanen da suka yi shekara arba'in, hamsin suna aiki suna biyan haraji sun rasa aiki, an hana wasu magani a asibiti, an tsare wasu, an tasa ƙeyar wasu zuwa ƙasashen da suka baro tun suna yara. Abin ya fashe a 2018, har ministar cikin gida Amber Rudd ta sauka daga kujerarta.

Ko ka tambayi tsofaffin zango. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar Ghana, kuma cikin waɗanda suka ɗaure kaya har da waɗanda a can aka haife su. Mu ma a 1983 muka yi wa 'yan Ghana irin ta, jakar nan da har yau ake kira Ghana-must-go ita ce shaida. A Sudan kuma, a 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu a kan filaye da sarauta, ana ce wa Hausawan can baƙi bayan sun yi sama da shekara ɗari a wurin. Ranar da aka tambaye ka yaushe ka zo, ta ina ka shigo, labarin baka ba ya isar wa mai hukuma.

Kuma fa har yau ba mu canza ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara daga kudancin ƙasar, yankin Damagaram. Waɗannan an gan su ne. Waɗanda suke bi ta Agadas zuwa Libiya su hau jirgin roba, babu akawun da yake rubuta su. Kada ma mu je da nisa. Duk lokacin da kwale-kwale ya kife a Neja ko Kebbi, sai ka ji ana cewa ba a san adadin mutanen da ke ciki ba. A tashar mota a miƙo maka takardar fasinja ka rubuta sunanka da lambar ɗan'uwanka, wani ya sa sunan ƙarya, wani ya ce shi ba ya son a yi masa fatan tsiya. Yo wa ka cuta?

Shawarata ga wanda yake da irin wannan labarin a gidansu:

Na farko, tsofaffi kafin intanet. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka je da wayarka ka ɗauki murya, da izininsu. Kada ka tambaye su shekara, ka tambaye su abin da ya faru: kafin zuwan Sarauniya ne ko bayan, kafin samun 'yanci a 1960, lokacin yaƙin basasa, shekarar canjin hannu ta 1972, ko canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973. Ka karɓi duk sunayen mutumin, har laƙabin da yara suke kiransa.

Na biyu, duk takardar da ke ƙasan akwati ko adaka ka ɗauki hotonta: tsohon fasfo, rasit ɗin haraji, takardar sallamar soja ga waɗanda kakanninsu suka je yaƙin Bama, wasiƙun ajami, har bayan tsofaffin hotuna, domin a nan ake rubuta kwanan wata. Ka tura wa dangi a WhatsApp, ka kuma ajiye a imel, saboda waya tana ɓata, gara ma tana cin takarda.

Na uku, idan ka zo bincike ka fara da na kyauta. Ka gwada sunan ta kowace fuskar da baƙon kunne zai ji shi. Idan ka san watan da tashar, ka bi jirgi-jirgi. Kullum ka buɗe hoton takardar ta asali, kada ka tsaya a abin da aka kwafa. Ka tuna na Ingila a 1960 suka tsaya, kuma na jirgin ruwa ne kawai. Wanda nasa ba ya intanet, akwai ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Arewa House a Kaduna, amma su sai ka je da ƙafarka.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi muhimmanci a wurina, a rubuta masu tafiya yau. Kowane gida ya samu littafi ɗaya. Yaron da ya tafi Libiya, yarinyar da ta tafi aikatau Saudiyya, wanda ya tafi ci-rani kudu: ranar da ya tafi, hanyar da ya ce zai bi, da wa ya tafi, lambar abokin tafiyarsa, hotonsa na ƙarshe. Tunda babu kamfanin da zai rubuta mana namu, mu rubuta da kanmu. Ba wai muna yi musu fatan sharri ba ne. Wata rana ɗan da ya bari a goye zai girma ya yi tambaya, kuma ya cancanci a ba shi amsar da ta fi "wai".

Wanda ya taɓa gwada irin wannan binciken, musamman 'yan'uwanmu na Sudan da Ghana da Kamaru, ya gaya mana yadda ya yi, mu ƙaru da juna.

Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi ba su dawo ba, na ruwa da na ƙafa, waɗanda aka rubuta da waɗanda ba a rubuta ba. Waɗanda suke hanya yanzu, Allah ya kai su lafiya ya dawo mana da su lafiya. Amin.